Zanen Iska

Ni tela ne a Sabon Zango,
shekara talatin da ɗaya a kan keke guda.
Na ɗinka wa ango, na ɗinka wa gawa,
ban taɓa ɗinka wa iska ba
sai ran da Ataa Okai ya sunkuyo rumfata
da buhun fulawa goma sha tara a kansa,
yana warin gishiri da banda.

Ya ce, "Sallau, mai ya fi ƙarfina.
Kwana shida ina bin layi da jarka.
Haɗa mini waɗannan
in ga ko iskar da ta kai ubana teku
za ta gane ɗansa."

Na farke, na wanke, na shanya a kan katanga.
Yarona Gambo ya ce, "Baba, ga tampol a Kantamanto,
ba ya jiƙa, ba ya ruɓa."
Na ce, abin da nake tsoro ke nan.
Je ka bakin Korle ka duba
duk abin da ya ƙi ruɓa:
leda, robar ruwa, takalmi wari guda,
gwanjon duniya ya tufke kansa kamar igiya,
ya kwanta a yashi ya ƙi mutuwa.
Auduga ta san hanyar gida,
in ta gaji, ƙasa ta karɓe ta.

Ranar Laraba na bi shi Chorkor da asuba,
ni da ko kududdufi ba na tsallakawa.
Suka kafa gora, suka ja igiya,
ɗinkina ya kumbura kamar cikin wata tara,
sunan kamfanin fulawa a juye
yana kallon Akra ta baya.
Babu ƙara. Babu hayaƙi.
Babu bakan gizon nan na mai
da inji ke tofa wa ruwa.
Na ji kaina ya fara girma.

Ataa Okai ya kwashe da dariya.
Ya buga ƙirjin kwalekwalen da tafin hannu:
"Kada ka yi saurin wanke mu, tela.
Wannan itace ne a dajin Ahafo,
mutum huɗu ba sa rungume shi.
Da aka kayar da shi, tsuntsu nawa ya rasa masauki?
Fentin nan da ka yaba, ja da shuɗi,
yana ɓarewa, kifi na haɗiya.
Komata ta roba ce,
wadda ta tsinke mini bara
tana can ƙasa tana kamu, ba mai ci.
Injin ma ga shi a ƙarƙashin buhu,
don iska ba matata ba ce,
takan fita ba sallama."

Na ce, to ina jirgin kirki?

Bai amsa ba. Ya nuna mini faci
a haƙarƙarin jirgin, an toshe da kwalta,
wani kan wani, kamar gwiwar wandon makaniki.
"Na ubana ne wannan. Wancan nawa.
Shekara ashirin da shida, itace ɗaya."

A nan na gane yarensa, ko da ban jin Ga:
sana'armu guda ce ashe.
Wanda ya iya faci ba ya yawan yanka sabo.

Ran Talata ba sa shiga ruwa.
Teku ma tana da ranar wanki, in ji shi.
Ran nan yake kawo mini zanen in duba,
in bi inda gishiri ya ci zare.
Yana biyana da kifi bakwai,
wani mako biyar,
wani mako ya zauna kawai, mu sha shayi,
shi yana kallon sama,
ni ina neman bakin allura.