Kwafi Ɗaya a Ancud

Kwafi ɗaya tak aka aiko mana daga babban birni,
a jirgin fito, cikin kwali, tare da ƙwan fitila da rasit.
Gajerun labarai sha ɗaya, bango ruwan toka.
Na buga masa hatimin laburare,
na jingine shi kusa da taga,
inda ruwan saman tsibirin nan ba ya gajiya da leƙen mu.

Herminia ce ta fara ɗauka, mai saƙa rigunan sanyi.
Kwana uku ta dawo, ta dangwarar da shi a teburina:
“Marubuciyar nan rowa gare ta.
Ta kai ni bakin ƙofa, na ɗaga ƙafa,
sai ta hure fitila.
Matar nan ta hau jirgin, ko ba ta hau ba?”
Na ce ban sani ba.
Ta ce, “To, ƙara mini mako guda.”

Rigoberto mai gyaran injin kwalekwale
ya bar zanen yatsansa da baƙin mai a shafi na arba’in.
Abu ɗaya ya tsaya masa a wuya:
ba haka ake ƙulla igiya ba.
Wanda duk ya ɗaure jirgi yadda ta faɗa,
da safe sai ya nemi abinsa a wata ƙasa.
Na ce, sauran fa?
Ya kalli takalminsa.
“Tsohon nan na labari na shida,
mai dafa tukunyar mutum biyu alhali shi kaɗai ne,
wa ya gaya mata?”
Na kama bakina.
Bara waccan muka binne matarsa a kan tudu.

Anselmo malamin makaranta ya zo da fensir a kunne,
ya ce ya ƙirga kalmar shiru sau sittin da biyu,
ya yi ta bayani har shayina ya huce.
’Yarsa Fresia, shekara sha biyar,
ta karance shi ƙarƙashin bargo,
ta rubuta a gefen shafi da jan biro:
“Ƙarya ne. Ba mai yafewa da wuri haka.”
Wani hannu da ban sani ba ya amsa a ƙasa:
“Bari ki girma.”
Ta sake ara don kawai ta ƙara kalma biyu:
“Ina jira.”

Doka ta ce in ci su tara.
Na dubi doka, na dubi shafin,
na mayar da doka aljihun tebur.

Tsohuwa Eulalia kuwa idonta ya yi hazo,
jikanta ke karanta mata da dare gaban murhu.
Barci ke sace ta kafin kowane ƙarshe,
da safe ta kai dankali kasuwa
ta riƙa ba mutane ƙarshen da ta yi mafarki.
A wajenta matar ta hau jirgin,
har ta aiko da wasiƙa.
Herminia ta ji, ta rantse ba haka ba ne,
suka yi wata guda ba sa gaisawa
a kan matar da ba a taɓa haifa ba.

Yanzu littafin ya kumbura.
Danshi ne, in ji masu sani.
Yana warin hayaƙi, da kifi, da ulu jiƙaƙƙe,
akwai ɓawon albasa a shafi na saba’in,
akwai tikitin jirgi wanda ba a huda ba.
Ya fi yadda ya zo nauyi, na auna da hannuna.

Ni fa? Ba wanda ya tambaya.
Goma na karanta, na tsaya.
Na sha ɗayan yana nan, ban buɗe ba.
Idan na kulle ƙofa da yamma
nakan ɗora tafina a kan bangon
kamar mai duba zazzaɓin yaro,
in ce masa, gobe.