Ƙafar Tela

Shekara talatin da ɗaya ina taka keken ɗinki a Mandya,
a ɗan shagon da ke jingine da na mai matse rake.
Keken ya sha mai, ya ci zare,
ya ci gadon bayana a hankali, cin gara.
A bango, sama da kaina, hoton Guru Narahari
wanda na yanko daga tsohuwar kalanda:
tsaye kan ƙafa ɗaya, gemu baƙi wuluk,
miƙe sambal kamar sabuwar allura.

Kempamma ce ta kwance bakin zanenta,
ta ƙirgo kuɗin mota a tafina.
"Tafi," ta ce, "na gaji da nishinka na tsakar dare."

Na isa Udupi ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Zaure mai jan rufi, ƙamshin man kwakwa,
mu wajen arba'in, kowa da tabarmarsa.
Samari na naɗe jiki kamar igiyar guga.
Ni na sunkuya in taɓo yatsun ƙafata,
hannu ya tsaya a gwiwa,
ya ce nan ƙasarsa ta ƙare.

Kwana biyu ɗalibansa ke juya mu.
A na uku zauren ya yi tsit.
Ga shi nan, jikarsa riƙe da hannunsa.
An ce gani ya kori ji,
to, ranar gani ya kori kalanda:
ɗan tsoho, bai kai kafaɗata ba,
tari na girgiza shi kamar ganye,
aljihun rigarsa ya ɓarke, yana reto.
Idon tela ba ya hutu. Aljihun na fara gani.

Bai tsaya kan ƙafa ɗaya ba.
Ya ce mu kwanta, kwanciyar gawa suke kiranta.
Na kwanta. Ina jin ruwa a kan rufi,
ƙararrawar haikali can nesa,
da jan ƙafarsa tsakanin tabarmi,
sannu, sannu,
har ya tsaya a kaina.

"Kai, gawar nan," ya ce, "ƙafarka na ɗinki."

Ashe ta dama tana ta taka iska,
sama, ƙasa, sama, ƙasa,
tana haɗa rigar da ba wanda ya kawo.
Ya ɗora tafinsa a kanta, busasshe, mai ɗumi.
Bai danna ba. Ya dai jira.
Ban san tsawon lokacin ba.
Ta tsaya.
Shirun da ya biyo baya ya gangaro ta ƙashin bayana
har na ji hawaye na shiga kunnuwana.

Da yamma aka jera mu gaisuwa.
Shekaru ina goge wata tambaya, ina ninke ta,
da na durƙusa gabansa, ta ɓace ɓat.
Abin da ya fito shi ne:
"Guru, aljihunka ya yage."

Ya yi dariya har tari ya ƙwace ta.
Ya tuɓe rigar ya miƙo mini.
Na ciro allura daga ƙwalar rigata,
na lashi bakin zare, na ɗaga shi wajen haske.
"Tsaya nan, Halappa," ya ce.
"Ka ji yadda numfashinka ya lafa
kafin zaren ya shiga?
Shekara sittin, shi kaɗai nake koyarwa.
Saura duk lanƙwasa ce."

Ɗinki goma sha huɗu na yi masa, ƙanana.
Ya zura ayaba ɗaya a aljihun, ya gwada ƙarfinsa,
sannan ya ciro ya ba ni.

Yanzu na dawo. Bayan bai daina ciwo ba,
hannuna ya ɗan wuce gwiwa, da kamar faɗin yatsa uku.
Hoton na nan a bango, ban cire ba,
ko da yake ban san saurayin da ke ciki ba.
Daren jiya Kempamma ta tashe ni a firgice,
ta kai hannu kusa da hancina.
"Ƙafarka ce," ta ce. "Ban ji motsinta ba."