Littafin Ma'aji

Ni na riƙe littafin,
ja, mai layi-layi, na saye shi ƙarƙashin gadar Agege
ranar da Sahabi ya ce zai nemi tikitin Majalisar Wakilai.
Ɗan unguwa ne, nan aka binne cibiyarsa.
Yarbancinsa ba gargada,
Hausarsa kuwa ta kakarsa ce, ta Gumel, ko ƙura ba ta hau ta ba.

Da bisimilla na buɗe shafin farko.
Mahautan Oko-Oba suka kawo nasu da maiƙo,
sai da na shanya takardun a kan tabarma.
'Yan gwari suka kawo nasu da warin albasa.
Mati mai shayi ya ba da cinikin daren Asabar,
har da tsabar da ba mai karɓa.
Iya Modinatu mai koko ta kwance bakin zane,
dubu biyu, a nannaɗe kamar laya.
Ta ce, rubuta, kada gobe a ce ban zo ba.

Wata uku ina rubutu.
Suna dubu ɗaya da ɗari huɗu da sha bakwai,
miliyan tara da 'yan kai.

Shi kuwa Cif Ajibodu dare guda ya yi,
a wani otal a Ikeja, inda sanyi ke fitowa daga bango.
Mutum sha biyu suka miƙe ɗaya bayan ɗaya,
kowa ya ambaci lambar da ta fi littafina nauyi,
aka tafa, aka ci kaza, aka watse.

Da safe masu sharhi suka hau rediyo:
Juma'ar da za ta yi kyau tun Laraba ake gane ta,
ku duba asusu, ku bar duba fuska,
da ruwan ciki ake jan na rijiya.
Na kashe rediyon. Na sake ƙirga sunayen.
Na ce wa Sahabi, su suna da naira, mu muna da mutane.
Ya ce, Tanimu, mutane ba sa shiga fidda gwani,
daliget ke shiga.

Daliget ɗari da tara.
Kwana biyu wayoyinsu a kashe,
matansu na cewa sun yi tafiya.
Ranar zaɓe suka ɓullo da sababbin takalma,
ba wanda ya yarda muka haɗa ido.

A filin makaranta muka tsaya, ruwa na zuba,
Cif a ƙarƙashin lema uku, mu a ƙarƙashin leda.
Ba a kai ga jera layi ba
sai ga baƙar mota, gilashinta ba ya nuna kowa.
Wani ya fito da ambulan ruwan ƙasa,
ya hura lasifika sau biyu,
ya ce manya sun zauna, an yi maslaha.

Sunan da ya karanta ba na Sahabi ba ne.
Ba na Cif ba ne.
Na wani yaro ne da ko fosta bai buga ba,
ba a taɓa ganin takalminsa a kwatarmu ba.
Na ga lemar Cif ta karkata,
ruwa ya shiga masa wuyan riga,
kuma, Allah ya gafarta mini, na ji tausayinsa.

Washegari masu sharhi suka koma rediyo,
suka ce dama sun hango.

Abin da ya rage bayan fom da fosta da man mota
na raba shi da kalkuleta,
kowa zai samu bakwai cikin ɗarinsa.
Yau kwana shida ina bin sunayen ƙofa-ƙofa.
Mahauta suka ce in sha ruwa da shi.
Mati bai ɗago kai daga butarsa ba.

Iya Modinatu ta dubi naira ɗari da arba'in a tafina,
ta zuba mini koko, ta ƙi karɓa.
Ta ce, buɗe, nuna mini inda ka sa ni.
Na nuna mata, shafi na uku, layi na tara.
Ba ta iya karatu ba.
Ta ɗora yatsa a wurin, ta daɗe,
har gumin kofin ya jiƙa takardar.