Jita Uku a Valparaíso

A shagon Don Evaristo, can ƙasan tudu,
inda gishirin teku ke cin ƙarfen ƙofa,
jita uku na rataye kamar kifin da aka shanya.
Masu tsirkiya huɗu ne, masu kaurin murya,
irin waɗanda ba sa shiga gaba a kiɗa,
amma in suka yi shiru kowa sai ya ji rami.

Kuɗinsu ɗaya, ko kusa da haka.
Bambancin bai kai burodin mako ba.

Ta farko 'yar Meziko ce, baƙa wuluk.
"Wannan," in ji Evaristo, "sunan gidansu ake saye."
Ta biyu daga Indunusiya, launin zuma.
Ta uku 'yar Sin, ja, da ɗan tabo a ƙugu,
ya nuna ta da haɓa, bai ce uffan ba.

Ni Eleodoro, shekara talatin da ɗaya
ina saman ƙugiyar tashar jiragen ruwa
ina sauke kwantena daga ƙasashen nan.
Na san su da fentin jikin ƙarfe,
na san su da nauyi,
ban taɓa ganin bishiyarsu ko ɗaya ba.

Jikata Maite ta ja min hannun riga:
"Kaka, an ce ta Meziko ba ta faɗuwa a kasuwa."
Wani saurayi mai gashi har kafaɗa
ya tsoma baki ba a kasa da shi ba:
"An ce yanzu Indunusiya sun fi hannu."
An ce, an ce.
Da "an ce" na ɗaukar kaya
da ban yi gumi ba a rayuwata.

Abin da ban gaya musu ba:
kunnen hagu ya mutu tun shekarar girgizar ƙasa,
na dama kuma inji ya cinye rabi.

Na rataya baƙar. Kafaɗata ta ƙi,
wannan kafaɗa da likita ya ɗinke sau biyu.
Na mayar da ita ƙusarta, na ba ta haƙuri.
Saura biyu.

Evaristo ya jona waya, ya murɗa lasifika,
ya lumshe ido yana gyaɗa kai,
ni kuwa kamar ana min magana daga ƙarƙashin ruwa.
Na ce ya kashe.
Na zare wayar, na ɗora haɓata a kan katakon,
na ja tsirkiyar da ta fi kauri.

Jar ta kaɗa min haƙora, ta tsaya nan.
Ba laifi. Da ita kaɗai ce da na ɗauka.
Mai launin zuma ta bi ta muƙamuƙi,
ta sauka ƙashin ƙirji,
ta zauna a cikina ta ƙi tashi,
kamar ƙahon jirgi cikin hazo
da tafin ƙafa ke ji kafin kunne.

Na juya ta. A bayan wuyanta
akwai 'yar takarda, da sa hannun biro,
karkatacce, na wanda ya gaji.
Wani ne can, ko wata,
a cikin ƙarar zarto tun safe,
watakila shi ma sai an maimaita masa magana.
Na shafa wurin da babban yatsa.
Na ce kar a ɓare.

Na ƙirga kuɗin sallamata a kan tebur,
Evaristo ya ƙara min maɗauri kyauta.

Muna hawan tudu, akwatin na dukan gwiwata,
Maite ta ce, "To Kaka, wace ƙasa ce ta ci?"
Na ji ta sarai.
Na ce, "Me kika ce?"