Gwangwanin Biskit

A Leipzig, kafin Waltraud ta buɗe baki
sai ta jefa wayarta cikin gwangwanin biskit,
ta danne murfi.

Jikarta Fenja ta tuntsire da dariya:
"Kaka, wa ya damu da hirarki?"

Tsohuwar ta tuna shafi ɗari uku
da aka miƙa mata bayan faɗuwar katanga:
ranar da ta sayi albasa,
daren da ta yi kuka,
duka da rubutun maƙwabcin da take kai wa miya.

"Da, a bango kunnen yake.
Yau da kuɗinmu muke sayensa,
mu yi masa caji,
mu kwana da shi."

Fenja ba ta tanka ba.
Aljihunta ya motsa.