Inabin da Ya Ƙi Sayuwa

Kwali shida na sauke a 'Yan Lemo ran Talata,
inabi baƙi, da sauran sanyin mota a jikinsa.
Laraba aka ɗauke wuta.
Alhamis ƙudan zuma suka riga masu saye zuwa.
Ran Juma'a kwali biyu na hawaye ta ƙasa,
jan ruwa na bin ƙafar tebur,
ga wani wari tsakanin zaƙi da tsami
wanda hancina bai san sunansa ba.

Baba Barnaba ya san shi.
Daga Sabon Gari yake zuwa sayen lemo,
shekara talatin yana haɗa abin da ake zubawa a ƙoƙon cocinsu.
Ya tsinki ƙwaya ɗaya, ya nuna wa rana:

"Ka ga farin garin nan a kan ɓawo,
wanda kake gogewa don kaya ya yi ƙyalli?
Yis ne, barci yake.
Fasa ƙwayar ya farka,
ya tarar da sukari, ya hau ci ba sallama,
yana gyatsa, tukunya na tafasa babu wuta.
Jan kuma na ɓawo ne,
cikin inabi fari ne kamar na kowa.

Kwana bakwai ka bar su tare,
safe da yamma kana danna abin da ya taso.
Sai ka tace, ka ɗura a tulu, ka toshe,
ka bar wa numfashi ƙofar fita, ban da ta shiga.
Zafin garin nan ba ya ragawa,
ajiye shi gindin randa, kan jiƙaƙƙen yashi.
In laka ta kwanta, tsiyaye na sama.
Saura haƙuri ne, shi kuwa ba a auna shi a mudu."

Na ce, Baba, wannan hanya ba ta bi ta ƙofar gidanmu ba.

Ya yi dariya har hularsa ta karkace.
"Wa ya ce maka nan ta ƙare?
Giya zango ce.
Abin da nake tsoro, kai shi za ka nema:
buɗe bakin tulu, ɗaura masa ƙyalle,
iska ta shiga ta yi aikinta.
Ɓarnata ce ribarka."

Bayan Isha na tari Malam Ɗayyabu a bakin masallaci.
Ya daɗe yana neman takalminsa kafin ya ce:
"Abin da ya juya ya zama khal, ya tsarkaka.
Kai dai kada harshenka ya tare shi a hanya."

Kwana arba'in tulu na bayan ɗaki.
Tasalla ta hana yara zuwa wajen,
ni ma ta hana ni.
Ranar da muka kwance ƙyallen
tsami ya mare mu har muka yi ƙwalla.
Ta yayyafa a kan latas da albasa,
muka ci shiru.

Kwalba bakwai, daga kwali biyu.
Ko uwar kuɗi ba ta dawo ba.
Ɗaya na kai wa Baba,
ya shinshina, ya ce na lalata shi yadda ya kamata.

Yanzu in na ɗauki tsumma zan goge inabi,
sai hannuna ya tsaya.