Murhun da ke Ƙarƙashin Riga

Shekara uku ina tuƙa tifa a Daura,
yashi daga rafi, tsakuwa daga dutse,
cikina kuwa ya zama gangar da ba ta jiran biki:
da asuba ƙugi, da la'asar kumburi,
dare ya yi, ƙwannafi ya shaƙe ni kamar mai bin bashi.

Na sha kanwa, na sha farin ruwan kemis,
na sha jiƙon da Mati ya rantse
ko jaki ya sha sai ya yi gyatsa.
Ban san labarin jakin ba. Ni dai ban huta ba.

A sansanin 'yan Sin, kan hanyar Kongolam,
akwai tsohon kuku, Wen sunansa,
Hausarsa ba ta cika ludayi ba.
Ranar da ya gan ni dafe da ciki a jikin taya
sai ya ce: Harshe.
Na zaro masa.
Ya duba, ya ɗora yatsu uku a wuyan hannuna,
ya yi shirun mai sauraron kiran salla daga wani gari.

Sannan ya ja ni madafa.
Tukunya na tafasa, ƙashi da citta.
Ya ɗebo ruwan ƙanƙara ya sheƙa ciki.
Tafasar ta mutu nan take, kitse ya daskare a baki.
Ya nuna tukunya, ya nuna cibiyata,
ya ce: Kai.

Ni ne kuwa.
Ni ne mai cin tsire a tsaye in kora da zoɓo mai ƙanƙara,
in ɗora kankana a kan ɗanwake,
in kwanta tuwo bai gama sauka ba.

Ilu tafinta ya warware mini sauran:
wai a wurinsu kowane abinci da halinsa,
wani mai zafi ne ko ya kwana a randa,
wani mai sanyi ne ko yanzu aka sauke shi.
Rago wuta ne, kokwamba rijiya,
shinkafa dattijuwa ce mai raba faɗa.
Ciki murhu ne, ba juji ba.
Ka tashe shi da ɗumi,
ka bar masa gurbin da iska za ta wuce,
kada ka zaunar da maƙiya biyu a tabarma ɗaya.

Na yi dariya, ba ta raini ba.
Muryar Iya Tabawa na ji,
shekara goma sha ɗaya da binne ta,
a tsakar gidanmu na Sarkin Yara,
tana ƙwace ƙwaryar nono don na ci kifi,
tana hana mai sanyi tsamiya da dare,
tana jefa citta da kanumfari a kunu
ba awo, ba tambaya.
Muka ce camfi ne, mu da muka yi makaranta.
Sai ga maganarta ta je har Birnin Sin
ta dawo sanye da farar hular kuku.

Ban san wanda ya fi gaskiya ba.
Likitan asibiti cewa ya yi in rage mai, in bar cin dare,
bai ambaci wuta ko rijiya ba.
Ni dai yanzu da fulas nake yawo.
Yaran mota na mini tsiya, wai Nomau ya zama mai jego.
Su yi ta yi.

An gama kwangila da kaka, Wen ya tafi.
Ya bar mini gwangwanin busasshen ɓawon lemo
da rubutu a jiki, har yau ban sami mai karanta mini ba.

Jiya a gidan suna aka miƙo mini soyayyen rago,
ga lemon kwalba yana zufa.
Na riƙe kwalbar har tafin hannuna ya mutu,
sannan na miƙa wa na kusa da ni.

Ƙarya ba kyau:
sai da na kurɓa sau ɗaya.